Kwalin Gida, Ƙwayar Titi

A inda na taso, idan mutum ya miƙo miki abu da hannunsa, goro ne ko magani, karɓa ake yi a yi godiya. Wanda ya tsaya yana jujjuyawa yana shinshinawa ya gama zagin mai bayarwa. Da wannan tarbiyyar na zo Bronx ta birnin New York, kuma saura ƙiris ta raba ni da mijina.

Mu biyu ne a gidan yanzu, 'yarmu ta yi aure tana wata jiha. Ni Bakanuwa ce, shi mutumin Maraɗi. Yana da tebur a Fordham Road, huluna da safar hannu lokacin sanyi, tabarau da lema idan zafi ya shigo. Ni kuma aikina kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su abinci, in saurari labarin da na riga na ji sau goma. Shekara da shekaru Alhaji, maigidan nawa, yana tura kurar kaya daga ma'ajiya zuwa bakin titi da safe, ya mayar da yamma, har bayansa ya ce shi kam ya gaji. Ciwon ya kai idan zai yi ruku'u sai ya dafa bango. Na matsa masa ya je asibiti sau ɗaya, suka ce a ɗauki hoto, sannan ya riƙa zuwa gashin baya sau biyu a mako. Ya dawo ya ce, "Wa zai zauna mini a tebur?" Daga nan bai sake taka ƙofarsu ba. Taurin kai kam, Allah ya hore masa shi.

Aminiyata 'yar garinsu ce, tana zaune a Concourse Village. Idan na ce aminiya, ba ina nufin ƙawar gulma a waya ba. Ita ta tare ni lokacin da na sauka ƙasar nan ban san ko inda ake sa kati a shiga jirgin ƙasa ba. Ita ta zauna da ni a asibiti ranar da na haihu, ita ta yi mini wankan jego a bahon Turawa da busasshen ganyen da ban san inda ta samo shi ba. Anko ba ma yi da kowa sai da juna. Ɗakinta kuwa kasuwa ce guda: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, turaren wuta, duk matafiyin da zai zo daga gida sai ya riƙo mata wani abu. A ƙarƙashin talabijin akwai wata durowa ta magunguna. Mutanenmu sun fi yarda da kwali mai rubutun Faransanci a kan duk abin da likitan nan zai rubuta. Wai maganin nan ba shi da ƙarfi, don jikin Bature aka yi shi.

Daga wannan durowar ta ɗauko mini tiramol. Ta ce, "Kai wa Alhaji, na gida ne. Da shi 'yan dako suke yini a tsaye." Na san tiramol tun a Kano, na san ana yin banza da shi, amma a raina wannan daban ne, tunda don ciwo ne, kuma daga hannunta ya fito. Ya sha, ya miƙe garau. Ya dawo yana tsokanata yana cewa maganin Maraɗi ya fi bakin Kanawa aiki.

Da farko ƙwayoyin a jere suke zuwa cikin takardarsu ta gwangwani, sai an ɓalle. Daga baya suka fara zuwa a warwatse, an ƙulle su a 'yar leda an cusa cikin kwalin. Na tambaye ta, ta ce 'yan kwastan ne suka matsa wa mutane, shi ya sa ake ɓare su tun daga can. Ta kuma ce in riƙa dawo mata da kwalin idan ya ƙare, tana zuba allurai da maɓallai a ciki. Na yarda. Me zai hana in yarda?

Wata Asabar kamfanin da nake wa aiki ya tara mu horo. Wata mata ta zo tana bayani a kan fentanil, gubar da ake cakuɗawa cikin ƙwayoyin da ake sayarwa a titi, wadda ɗan kaɗan ɗinta kan tsayar da numfashin mutum yana zaune. Ta nuna mana wani siririn tsinke na takarda da ake gwadawa da shi, da wani magani da ake fesa wa mutum a hanci idan ya sume. Ta ce a daka ƙwayar gaba ɗayanta kafin a gwada, don gubar kan taru a gefe guda kamar gishirin da ba a motsa ba a miya. Ina can baya ina duba wayata. A raina na ce wannan zancen waɗanda ke gyangyaɗi a matakalar tashar jirgi ne, ina ruwanmu, mu da muke salla? Da aka tashi aka raba wa kowa 'yar jaka mai ɗauke da tsinkayen da maganin feshin. Na karɓa don kyauta ce, na jefa ta ƙasan jakata ta haɗu da tsoffin rasitai.

Maƙwabcin teburin Alhaji wani mutumin Zangon Kumasi ne, rigunan waya yake sayarwa. Wata rana da azahar ya kira ni. Ya ce, "Hajiya, maigidanki barci yake a kujera. An ɗauke masa hula biyu bai sani ba. Da ƙyar na tashe shi." Na nemi izini na hau bas. Na tarar da shi a zaune yana lumshe ido, maganarsa tana ja. Ya ce gajiya ce, in daina tara masa mutane. Da na matsa kusa na ga baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura. A duk surutun matar nan ta wajen horo, maganar ƙanƙancewar ido ce kaɗai ta maƙale mini a kunne.

Washegari da ya fita na ɗauki ƙwaya ɗaya daga kwalin. Wallahi sai da na saki labulen kicin, alhali muna hawa na biyar, ba mai ganina sai tattabaru. Ji nake kamar ina laluben jakar uwata. Na daka ta da bayan cokali, na zuba a ɗan kofi da ruwa kaɗan, na tsoma tsinken, na ajiye shi a kan faranti ina jira. Layi ɗaya ya fito. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi, don na saba da gwajin ciki, inda layi ɗaya ke nufin babu komai. Har na ɗauka zan zubar, sai idona ya kai kan takardar bayanin. A wannan gwajin layi biyu ne lafiya. Na sake da wata ƙwayar, na sake da ta uku. Duk layi ɗaya. Na zauna a ƙasan kicin.

Ban kira kowa ba. Na yafa mayafi na tafi wajen aminiyata, don a zatona ita ma cutarta aka yi. Ta tare ni da murna, ta kawo kunun gyaɗa. Na ajiye kofin ban sha ba, na fito da tsinkayen na jera mata a kan tebur, na yi mata bayani. Fuskarta ta canza.

Ta ce, "Ni za ki gwada? Ni? Yau ni ce mai ba ku guba?"

Na ce, "Hajiya, ba ke na gwada ba, ƙwayar na gwada. Ɗauko wata daga durowar mu gani tare."

Ta ƙi. Na tashi da kaina na buɗe durowar, abin da ban taɓa yi ba a shekarun da muka yi tare. A can ciki na ga tulin kwalaye babu komai a cikinsu, wasu har gefensu ya yi laushi don yawan shiga hannu, kusa da su kuma ga wata babbar leda cike da ƙwayoyi. Babu allura, babu maɓalli ko ɗaya. Na juyo na dube ta, sai ta fashe da kuka.

Ashe mai kawo mata daga gida ya daina tun da daɗewa. Mutane kuma ba su daina buga mata ƙofa ba, direbobi, masu tebur, mata masu kitso da ke yini a sunkuye. Wani ya haɗa ta da wani mutum da ke tsayawa kusa da shagon wanki, a wajensa take karɓowa ta zuba a kwalayen gida, don ta san babu wanda zai karɓa idan ya san na titi ne. Ta ce ita ba ta san da wata guba ba, ta ɗauka duk tiramol tiramol ne. Ta riƙe hannuna biyu, ta rantse da girman Allah ta bari daga ranar. Ta ɗauko ledar ta danƙa mini, ta ce, "Aminiya, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Idan wannan maganar ta fita, ina zan sa kaina a garin nan?"

Na rufa mata. Na kai ledar kantin magani inda suke da akwatin zubar da irin waɗannan. Da Alhaji ya dawo na nuna masa tsinkayen, na ce akwai guba a maganin, kada ya sake sha. Amma ban gaya masa zancen kwalaye ba, ban gaya masa mutumin shagon wanki ba. Cewa na yi daga can gida aka haɗo ta da gurɓatacce, ita ma ba ta sani ba. Da bakina na wanke ta a wajensa. Duk cikin abin da ya faru, wannan ƙaryar ce take hana ni sukuni har yau.

Ya ce, "To." Kwana biyu bayan nan ya kwanta. Gumi, rawar ɗari, amai, ga ciwon bayan ya dawo da ƙannensa. Na ce akwai asibitin da ke taimakon mutum ya rabu da abin a hankali, mu je. Ya taso mini kamar zai cinye ni. "Ni ɗan ƙwaya ne? Ni kike so a rubuta sunana tare da 'yan maye?" Na ci gaba da dafa masa ruwan zafi. A rana ta biyar ya tashi ras, ya yi wanka ya fita kasuwa yana raha. Ni kuwa sakarya, har waina na soya na kai masallaci sadaka, wai Allah ya yaye masa.

Abu ɗaya na yi da hankali a cikin makonnin nan. Na ɗauki maganin feshin nan guda biyu na kai wa mutumin Kumasi a ɓoye. Na ce idan ya sake ganin irin barcin nan, ya girgiza shi bai tashi ba, ya fesa masa a hanci ya kira motar asibiti, kada ya tsaya nemana. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa su a akwatin da yake ajiye canji ya ce Allah ya sa kada a buƙata.

Aminiyata kuwa ba ta fasa zuwa gidana ba. Mun ci tuwo a kwano ɗaya. Mun je suna a Tompkinsville cikin atamfa iri ɗaya, a jirgin ruwa tana gyara mini ɗaurin ɗankwali don iska ta karkatar da shi. Takan dube ni ido cikin ido ta ce, "Ya bayan Alhaji?" In ce da sauƙi. Ta ce, "Alhamdulillahi, haka muke so." Har daɗi nake ji a raina, ina cewa na ceci mijina kuma ban rasa aminiyata ba.

Wata Talata ina cikin yi wa wata tsohuwa wanka wayata ta yi ta ƙara a aljihu. Sai da na naɗe ta a tawul na zaunar da ita sannan na ɗauka. Mutumin Kumasi ne. Ya ce Alhaji ya zame daga kujera ya faɗi, leɓɓansa sun yi toka, yana wani irin minshari. Ya fesa masa na farko bai motsa ba, sai a na biyu ya ja numfashi. Ya ce motar asibiti ta tafi da shi. Ban san yadda na isa ba, na dai san da takalmin aiki na shiga, hannuna yana warin sabulu.

Wata nas ta miƙo mini kayansa a farar leda. Carbinsa, wayarsa, makullin ma'ajiya, da kwali mai rubutun Faransanci. Na san kwalin. Akwai ɗigon manja a murfinsa, a kicin ɗina ya same shi, kuma ni na mayar mata da shi da hannuna.

Da ya farfaɗo sosai na zauna a gefen gadon. Na ɗauka zai ce in yafe masa, ko ya tambayi wa ya cece shi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kada ki kira sunanta wajen likitocin nan. Ni na je na roƙe ta."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya kawar da kai. Tun rana ta biyar ɗin nan, ranar da na soya waina. Ya ce ta tabbatar masa wannan sabon zuwa ne daga gida. Ta ce masa tsinken nan nawa ko farasitamol aka jiƙa masa haka zai nuna, aikin Turawa ne ya shiga kaina. Shi kuma ya yarda, tunda ni da kaina na ce masa ba ta da laifi.

Da la'asar sai ga aminiyar tawa da kular farfesu. Tirƙashi! Na tare ta a baranda kafin ta kai ƙofar ɗakin. Na ce, "Hajiya, ina rantsuwar?"

Ta sauke murya ta ce, "Aminiya, ki fahimce ni. Ya zo mini jikinsa na ɓari, babban mutum yana hawaye a ƙofata. Ɗan garinmu ne. Ya zan yi? Tausayinsa na ji."

Na ce, "Kin san abin da ke ciki. A gabanki na nuna miki."

Ta ce, "Haba, ai dai bai mutu ba."

Na daɗe a duniya, an gaya mini maganganu, amma ba a taɓa gaya mini irin wannan ba. Na ce mata ta ɗauki kularta ta bar asibitin nan kafin in manta a ƙasar mutane nake. Na ce da ya mutu, ke za ki fi kowa kuka a zaman makoki, ke za ki zauna kusa da ni kina ba ni haƙuri, kina ce wa mutane hawan jini ne. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce kada ta sake kirana aminiya. Ta juya ta tafi, takalminta na ƙara a kan tayil, ni kuma na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifiyata ta rasu ina nan ban samu zuwa ba.

Ranar Lahadi mata ke taruwa karatu a ƙasan masallacinmu. Na je da sabbin tsinkaye cike da jaka, na karɓo a wajen matar da ta yi mana horo. Da aka shafa fatiha na miƙe. Na faɗi komai. Na faɗi kwalayen, na faɗi ledar, na faɗi wadda take zubawa, na faɗi cewa mijina ne aka kwasa a Fordham Road ranar Talata kuma ba hawan jini ba ne. Na ce duk wadda ke da irin kwalin nan a gidanta, mijinta ne ke sha ko ita, ta zo ta karɓi tsinke in nuna mata yadda ake yi. Wata dattijuwa da nake girmamawa ta ce, "'Yar nan, ba haka ake yi ba. Ko laifi mutum ya yi, ba a tsiraita shi a bainar jama'a." Babu wadda ta taso. Na mayar da kayana jaka na fita, ban ji wadda ta ce mini sai anjima ba.

Daga baya waya ta fara shigowa, ɗaya-ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, wai abin nan, a ina zan same ki?" A bakin tashar jirgi nake ba su, ko a layin biyan kuɗi a kanti. Waɗansunsu idan mun haɗu a biki sai su kawar da kai kamar ba su taɓa ganina ba. An daina sa ni a anko. Ita kuwa mai durowar na ji har yanzu ana zuwa wajenta sayen daddawa, ana cewa baiwar Allah an yi mata sharri. Ko durowar tana nan ban sani ba, kuma rashin sanin yana cina.

Alhaji yana zuwa asibitin da ya ce ba zai taɓa zuwa ba, don likitocin ba su sallame shi ba sai da suka haɗa shi da su. Yana zuwa gashin bayan ma. Ya koma tebur, amma ya canza kusurwa, ya bar kusa da mutumin Kumasi, wai ba ya iya haɗa ido da shi. A masallaci ya koma sahun baya, da an sallame yake fita. A gida magana tsakaninmu ba ta wuce ina makulli, an kawo wasiƙa. Bai taɓa ganin laifinta ba. A wajensa ni ce na tsiraita shi.

Ran nan bayan azahar ya kwanta a ɗaki. Na zo na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, abin da ya zame mini jiki ke nan duk lokacin da ya rufe ido. Ashe ba barci yake ba. Bai juyo ba ya ce, "Da kin bar ni na tafi da mutuncina, da ya fi mini."

Na ce, "To, ban bari ba."

Na ja ƙofar, amma ban rufe ta duka ba. Na bar ta yadda zan riƙa jin numfashinsa daga kicin.